Bithika Ta Saman Bene

A layinmu na garin Serampore, a ƙasar Indiya, ba a cika kiran sunanta ba. Mu da muke ƙasa da ita a shekaru Didi muke cewa, wato Yaya, yara kuma su ce Kakar Bene. Ainihin sunanta Bithika Pal. Tagata da tata suna kallon juna, layin kuma tsukuku ne, ko tari ta yi ina ji.

Tana amarya aka kawo ta ɗakuna biyun nan da ke ƙololuwar wani tsohon bene mai miƙaƙƙiyar matakala. Mijinta Haripada yana aiki a masaƙar buhunan rama ta bakin kogi. A wancan zamani ba ta ɗauki matakalar a bakin komai ba, da tulun ruwa a kwankwaso take haye ta, tana tafe tana faɗa da yaran maƙwabta.

An fi saninta da girkin bikin Durga, babban bikin addininmu na Hindu. Duk shekara in an kafa rumfa a bakin layi, ita ke tsayawa kan tukunyar kicuri, faten shinkafa da wake da ake raba wa jama'a. Ba ta awo, hanci kawai take sawa ta ce a ƙara gishiri. Ga kaifin baki. Mace ta yanka kabewa da kauri, sai ta tambaye ta ko katangar gida za a gina. Duk da haka kowa so yake a ce a gefenta ya yi aiki.

Hawan jini ne ya fara zuwa, ba ta gaya wa kowa ba. A shekarun ne Haripada ya kwanta da shanyewar ɓarin jiki, ita kuwa cewa take gida ɗaya ba ya ɗaukar majinyata biyu. Ta juya shi, ta wanke shi, ta ba shi abinci a baki, har rai ya yi halinsa. Sai bayan an gama zaman makoki 'yarsu tilo, Moumita, ta ja ta asibiti, aka tarar suga ya daɗe da samun wurin zama a jikinta. Gwiwoyi suka biyo baya, sai fuka duk damina. Ƙoda ce ta zo daga ƙarshe.

Kowane ciwo da likitansa, kowane likita da ranarsa. Na suga ya ce ta riƙa tattaki safe da yamma, na ƙashi ya ce ta rabu da matakala. Ƙwayar da ke lafar mata da ciwon gwiwa, likitan ƙoda ya hana. Aka hana ta zaƙi da gishiri, aka rage mata shinkafa, har ayaba aka ce ta bari.

"Minoti," ta ce da ni wata rana ta taga, "sun raba ni kamar kifin kasuwa. Wannan ya ɗauki kai, wancan ya ɗauki wutsiya. Ba wanda ya tambayi kifin."

Na yi dariya, ita ma ta yi. Amma tun daga lokacin saukowarta ta ragu, har ya zama sai ranar asibiti, shi ma da zama take bin matakalar ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗaura wa kwando igiya tana zuro shi ƙasa, mai kifi da mai kayan miya su sa mata abin da ta ce. Moumita tana aure a Pune, wani birni mai nisa, kullum da yamma takan kira, ta tambayi ko an sha magani, ko an auna suga. Bithika ta ce an sha, an auna, hira ta ƙare. Masu hawa gaishe ta suka yi ta raguwa, wasu sun mutu, wasu sun bi 'ya'yansu birni. Ni ma gwiwoyina ba na yarinya ba ne, yawancin zumuncinmu ta taga muke yi.

Wata shekara da bikin Durga ya matso, ta ce ita fa bana sai ta sauka. Ta kwana biyu tana shiri, ta ciro farin zanenta na sari mai kyau ta shanya ya sha iska. Ranar rabon kicuri mazan layi suka hau suka sauko da ita a kan kujerar roba, suna nishi tana yi musu tsiya, wai ashe shinkafar da ta ciyar da su tun suna yara a banza ta tafi.

Suka ajiye ta kusa da fanka, nesa da hayaƙi saboda fukarta. Girkin kuwa an daɗe da ba 'yan kwangila, wasu maza ne da ba ta sani ba ke juya tukunyar a bayan labule. Jama'a suka yi ta zuwa suna taɓa ƙafafunta don girmamawa, kowa ya tambayi suga da hawan jini, ya ba ta shawarar wani ganye, ya wuce. Ba wanda ya zauna. Da aka fara rabo wani ya miƙo mata faranti, sai matar shugaban biki ta karɓe da sauri.

"Haba Didi, so kike Moumita ta ci mu da rai? Bari a kawo miki kokwamba."

Ina zaune a gefenta, na ga ta bi farantin da ido. Can ta sunkuyo ta ce da ni a hankali, "Ki bar su. Ni ko ƙanshin ma ban ji ba."

Tun kafin makaɗa su ɗauki gangunan yamma ta ce a mayar da ita sama, ta gaji.

Bayan 'yan watanni ta zame a banɗaki. Da hantsi na ga tagarta a rufe, mai kifi yana ta kira ba a amsa ba, na sa aka ɓalle ƙofa. Ba ta karye ba, amma Moumita ta zo a jirgi ta ce zaman ya isa haka. Bithika ba ta yi gardama ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta raba tukwanenta ga matan layi, ni ta bar mini babban ludayinta.

Yanzu tana Pune, a wani dogon gini mai na'urar hawa da sauka. Ta ce ba a rage ta da komai ba, surukinta mutumin kirki ne, likita ɗaya ne ma yake duba ta gaba ɗaya, kumburin ƙafafunta ya sace. Sai dai da safe kowa ya fice aiki, matar da ke kula da ita kuma Marathi, yaren can, kawai take ji, da hannu suke magana. Tagar ɗakinta ba a buɗewa saboda sanyin na'ura, in ta leƙa motoci kawai take hangowa, ƙanana kamar ƙwaro.

Takan kira ni da rana tsaka. Mukan gaisa, in ba ta labarin wanda ya mutu da wanda ya aurar da 'ya. Rannan labarina ya ƙare, na ce to sai an jima.

"Kada ki kashe, Minoti. Ɗora wayar a kan taga, ki je ki yi aikinki."

Na ɗora. A ƙasa mai gyaran katifa yana wucewa yana shela, wasu mata biyu suna cacar baki a bakin famfo kan wadda ta riga zuwa. Na shiga kicin na dafa shinkafata, na tace, na soya ɗan kifi. Da na dawo na duba, ba ta kashe ba.