Yaya Ummaru da lissafin Rumawa

Bana shekara shida ke nan da rasuwar yayana Ummaru. Ranar ce dai ba mu sani ba, har yau.

Malamin tarihi ne a wata sakandare a Isa. Duk hutu yakan zo gida Sabon Birni, ya zauna kusa da Inna tana tankaɗe, yana ba mu labarin mutanen da. Daga bakinsa na ji cewa Rumawa, mutanen tsohuwar daular Rum ta Turai, ba sa cewa yau biyar ga wata ko ashirin. Ranaku uku suka kafa a kowane wata: ranar farko, wata a kusa da mako, da ta tsakiya. Sauran kwanakin da su ake auna su, a ce saura kaza a kai ranar da ke gaba, har da ranar da ake ciki. Inna ta ce, "To su ba su waiwaye ne?" Ya yi dariya ya ce, "Abin da ke tahe suka kallo, Inna."

Da damina ’yan bindiga suka tare motarsu a hanyar Isa, suka shige daji da shi. Suka ba mu wa'adin biyan kuɗin fansa zuwa tsayuwar wata. Kullum da safe Inna ba ta tambayar kwanan da ya yi a hannunsu, sai dai ta ce, "Saura nawa?" Muka sayar da shanu da gonar fadama.

Ana jibi wa'adin zai cika, wani ɗan kasuwa da ya kuɓuto daga hannunsu ya zo ƙofar gidanmu, ƙafafunsa a kumbure. Ya ce zazzaɓi ya kashe Yaya Ummaru tun makon farko, su suka rufe shi a gindin wata bishiyar marke. Bai iya tuna ranar ba. Ashe duk kwanakin nan gawa muke ƙirga wa. Ko sadakar bakwai da kintace muka yi ta.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga ajinsa yau, ’yan gudun hijira sun shanya tsummokara a tagogi, manoma kuma ba sa shiga gona sai an ba su izini daga daji.

Bai bar kabarin da za mu ziyarta ba. Ya bar ’yarsa Hadiza, wadda ke goye lokacin da aka ɗauke shi. Kwanan baya malamarsu ta ce kowa ya faɗi abin da ya sani game da mahaifinsa. Ta dawo ta zauna gabana ta ce, "Goggo, ki fara mini tun daga farko." Na ajiye aikina na fara.