Atiku Mai Taswira da Gajeren Wandonsa

Duk unguwar Jega Firchin an san Atiku da keke. Ubansa faci yake yi a bakin tasha, shi kuma ya taso da gyaran birki da sarƙa. Da aka kafa ƙungiyar 'yan mata masu tseren keke, maza na ta taɓe baki, shi ne ya tsaya musu yana horar da su, suna ce masa Koci. Wannan kam ba a ƙwace masa.

Aikinsa auna hanya. Kafin kowace gasa sai ya ɗaura waya a kan keke, ya bi hanyar da kansa, manhaja na zana masa taswira: ga hawa, ga gangara, ga lanƙwasa. Ya dawo ya tara yaran a inuwar shagonsa yana nuna musu inda za su adana ƙarfi da inda za su saki ƙafa.

Bana aka sa tsere daga Aliero, a ratsa Jega, a bi ta gefen Gumbin Kure a ƙare a Maiyama. Waɗanda suka zo kan gaba za a ɗauke su sansanin horo na ƙasa. Zulai, wadda ta fi kowa ƙafa a ƙungiyar, shekarunta sun kai iyaka; in ba ta shiga bana ba, ta rasa ke nan.

To, a Gumbin Kure surukin Atiku yake, Malam Waliyyu, uban matarsa Altine, kuma kullum yana zaune a bakin hanya ƙarƙashin dalbejiya. Ranar awo Atiku na sanye da ɗamammen gajeren wandon 'yan tsere. Ya hango kansa yana sauka, yana cire takalmi, yana durƙusawa gaban suruki da cinyoyi a waje. Sai ya tsayar da manhajar, ya ɗora kekensa a motar albasa, ya lafe cikin buhuna har aka wuce garin, sannan ya sauko ya kunna. Manhaja ta haɗa nan da can da miƙaƙƙen layi sumul. Ƙato da gemunsa! Dogon wando ya gagare shi sakawa a jaka?

"Nan shimfiɗe take," ya ce wa Zulai yana jan yatsa kan layin. "Nan za ki bar su."

Ashe damina ta cinye kwalbati a wurin, hanya ta kauce ta gangara cikin yashi. Zulai ta shigo da gudunta duka, kanta a sunkuye kamar yadda aka koya mata. Tayar gaba ta nutse, ita kuma ta wuce ta kan keken.

Atiku ya iso a babur ya tarar mutanen gari sun zagaye ta, Malam Waliyyu na zuba mata ruwan buta a gwiwar hannu.

"Ɗiyata, wa yac ce ki shigo wurin ga da gudu haka?"

"Koci ne, Baba. Shi ya auna hanyar."

"Mijin Altine? Ai bai biyo nan ba. Da ya biyo da na gane shi, nan nike wuni."

Tsohon bai ma san abin da ya tona ba. Atiku ya durƙusa ya gaishe shi, ya kasa ɗaga kai.

Zulai ta miƙe, ta hau, ta ƙarasa tseren da jini a hannun rigarta. An riga an cike gurbin kafin ta iso.

Da ya je gaishe ta gida, ba ta yi masa rashin kunya ba. Da ma ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ta ce kawai, "Koci, da ka ce mini ba ka san wurin ba, ai da na rage gudu."

Ta koma taya yayarta ɗinki a Aliero. Atiku na nan yana auna wa ƙannenta na ƙungiyar hanya, amma in aikin sayen kaya ya kai shi Aliero, ba ya bin layin teloli.