Kwat ɗin Baba Gajere

Duk gidan namun dajin nan babu ma'aikacin da ya kai shi gajarta, kuma shi Allah ya nufa da kiwon raƙuman dawa. Tun yana saurayi abokan aiki suka laƙaba masa Gajere. Da furfura ta fito aka ƙara masa Baba a gaba, tsayin dai yana nan inda yake. Shekara talatin da ɗaya kenan yana ɗaga kai sama yana magana da dabbobinsa, har wuyansa ya saba, ko da mutum yake hira sai ka ga yana kallon saman kansa.

Yana da wata tsohuwar kwat ruwan ƙasa, aljihu ɗaya ya yage, maɓalli biyu ba irin sauran ba. Ba a wanke ta. Iyakarta ya kakkaɓe ta ya shanya a rana. In aka yi masa tsiya sai ya ce dabba da hanci take gane nata, kuma duk raƙumin dawan da ya taɓa goga kansa a kafaɗarsa ya bar wani abu a jikin kwat ɗin. Masu share keji suka ce ai ko makaho ya san Baba Gajere ya wuce.

Matarsa kuwa, wadda yake kira Maman Yara, Allah ya yi ta da tsafta har ta wuce misali. Mace ce da za ta wanke sabulu kafin ta yi wanki da shi. Tun farkon aurensu suka yi yarjejeniya: kwat tana da ƙusarta a bayan ƙofa, ba ta shiga ɗaki, ita kuma Maman Yara ba ta taɓa ta. Abin da bai iya bari ba shi ne, in ya dawo da yamma sai ya zube a kujerarsa ta baranda da kwat ɗin a jikinsa, ya huce gajiya tukuna. Don haka ta shimfiɗa wani tsohon bargo a kan kujerar, wai ya tare wa katifar kujera bala'i. Wata shida da suka wuce, a makon da takardar ritayarsa ta zo, bargon ya ɓace. Ya tambaya, ta ce ya tsufa ta yar. Abin ya ɗan sosa masa rai.

A cikin dabbobinsa akwai wadda ya fi ji da ita. Shekara huɗu da suka wuce aka kawo ta a babbar mota daga wani gidan namun daji mai nisa, ta sauko tana rawar jiki, ta yi kwana uku ba ta kalli ganye ba. Shi ya zauna a bakin shingenta, ya juya mata baya kamar bai san da ita ba, yana ta 'yan waƙe-waƙensa marasa daɗi. A rana ta huɗu ya ji numfashi mai ɗumi a ƙeyarsa, sai ga ta tana tauna masa wuyan kwat. Tun daga nan ake ce mata Baƙuwa, kuma har yau babu wanda take bari ya matso kusa da ita sai shi.

Saura mako uku ya ajiye aiki Baƙuwa ta haihu, da la'asar, haihuwar fari. Jinjirin ya faɗo, ya yi ta tangaɗi a kan dogayen ƙafafunsa har ya tsaya. Amma da ya nufi nono sai uwar ta zabura ta koma can ƙarshen keji, tana kallonsa kamar an jefo mata shi ta katanga. Likitar dabbobi ta ce a bar su su kaɗai, wasu uwayen sukan sauko da kansu kafin safiya. Ta kuma gaya masa gaskiya: in jinjirin bai sha nonon farko ba zuwa gobe sha biyun rana, dole a raba su a koma ba shi madara a fida, irin kwalbar da ake shayar da jarirai. Baba Gajere ya san abin da wannan ke nufi. Sau biyu ya ga an yi haka, ɗaya bai rayu ba, ɗayan ya girma yana bin mutane, 'yan uwansa suna korarsa.

Ya koma gida ya rataye kwat, ya ba Maman Yara labari. A ƙarshe ya ƙara da cewa manaja ya ce gobe masu ɗaukar hoto za su zo, har da shi za a ɗauka. Wannan maganar ce ta jawo komai.

Da safe ya miƙa hannu bayan ƙofa, ya ji ƙusa babu komai. Kwat ɗin tana kan kujera, a ninke, an wanke an goge, an ɗinke aljihun, sai ƙamshin sabulu take yi. Maman Yara tana tsaye da kofin shayinsa, fuskarta ɗauke da murmushin wadda ta san ta yi laifi amma tana ganin ta kyauta.

"Baban Yara, jikokinka za su ga hoton nan. Sau ɗaya dai a shekara talatin."

Ya ɗaga kwat ɗin ya sansana. Bai yi faɗa ba, shi ba mai faɗa ba ne.

"Ba za ta gane ni ba," kawai ya ce. Ya saka ta ya fita bai sha shayin ba.

Haka kuwa aka yi. Jinjirin bai sha komai ba, yana kwance a kan ciyawa, kunnuwansa sun langaɓe. Baba Gajere ya shiga yana waƙarsa, Baƙuwa ta juyo da sauri don ta san muryar. Ta sauko da kai, ta sansana kafaɗarsa, sai ta yi wani huci ta ja da baya tana buga ƙafa. Ya cire kwat ɗin ya sake gwadawa da 'yar shara, ita ma ƙamshin sabulun gidansu take. Ya goga ciyawar keji a jikinsa, ya yi birgima a ciki yana dattijo da shi, duk a banza. Murya tasa ce, amma hancinta ya ce mata wani ne.

"Baba, ka fito haka nan kar ta harbe ka," in ji likitar. "Saura awa ɗaya. Zan sa a haɗa madara."

"'Yata, ki ƙara mini ko rabin awa."

"In na ƙara maka, shi nake rage wa."

Ya fito ya zauna a kan bokiti. Tsoro yake ji, kuma ransa a ɓace yake, ga kunyar cewa da wannan zai rufe aikinsa. Yana nan zaune sai ga mai gadin ƙofa yana tahowa, wata mata tana biye da shi rungume da ƙatuwar leda. Maman Yara ce. Shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa taka gidan nan ba, ta ce warin da ake kawo mata gida ya ishe ta. Ga ta yau tana tsallake kashin dabbobi da takalminta na unguwa.

Ba ta yi dogon bayani ba. Ta kwance ledar, akwai wata a ciki, ta kwance wannan ma. Kafin ya ga abin, hancinsa ya gaya masa. Bargon kujerarsa ne, da warinsa cif, ko ruwa bai taɓa shi ba.

"Kin ce kin yar."

"Je ka tukuna, ma yi magana."

Ya yafa bargon tun daga kai, ya shiga. Baƙuwa ta tsaya cak. Ta miƙo wuya a hankali, ta sansana, ta sake sansanawa, sannan ta kama gefen bargon ta fara taunawa. Ya bar ta ta tauna son ranta. Da ta natsu ya durƙusa ya goge jinjirin da bargon tun daga kai har wutsiya, ya tallafe shi ya miƙe, ya riƙa tura shi da kafaɗa taku ɗaya-ɗaya, yana waƙa ƙasa-ƙasa. Uwar ta sunkuyo ta sansana ɗanta. Ta daɗe tana sansanawa kafin ta lashe shi. Da ya laluba ya kama nono ta ɗan zabura, amma ba ta gusa ba. Likitar ta ajiye fidar a ƙasa, ta juya tana goge ido da bayan hannu.

Masu hoto sun zo, sun ɗauki wani gajeren tsoho lulluɓe da tsumman bargo, ciyawa har cikin gemunsa. Shi ne hoton da jikokin za su gani.

Likitar ta ce a bar bargon a rataye a shinge na wasu makonni, don uwa da ɗa su riƙa jin warinsa. Baba Gajere ya kalli matarsa, ta gyaɗa kai. Suka zauna a benci a inuwa suna kallon jinjirin yana tsotso.

"Me ya sa kika ɓoye shi?"

Ta gyara mayafi.

"Na san halinka. Ranar da ka daina zuwa nan, za ka zauna a baranda kana kallon sama, ba abin da za ka gani sai rufin kwano. Na ce in abin ya dame ka sai in fito maka da shi, ka ji warin 'yan uwanka."

Ya juyo ya kalle ta. Ita kuwa ta ɗauko kwat ɗin daga inda ya jefar da ita, ta kakkaɓe, ta ɗora masa a kafaɗa.

"Bargo ya zama nasu. Kana da mako uku, ka sa wannan kullum, ka bar Baƙuwa ta tauna ta yadda take so. Ledar tana nan, na ajiye wa kwat ɗin."