Malam Ilu da Littattafansa Masu Ɗan Rakiya

Ku da kuka san Malam Ilu na Mawashi kun san ba a aron littafinsa sai da shi a haɗe. Da muka kafa ƙungiyar masu tsofaffin littattafan hannu na Kankia da Kusada, babbar ribar shiga ita ce kowa na iya aron na kowa. Shi ya fara shiga, don tsoro ɗaya ke hana shi sukuni: 'ya'yansa ba mai karanta su, kada ya mutu gara ta gaje shi.

Ni na fara ɗanɗana. Na aika a aro mani littafin nahawu na kakansa, sai ga Malam a bayan babur, gafakar littafin a wuya, buta da tabarma a hannu.

Na ce, "Malam, littafi na ara."

Ya ce, "Ga shi. Ni ɗan rakiya ne. Ina furar?"

Wallahi sai da ya kusa ƙarar da geronmu! In na lashi yatsa zan buɗe shafi, sai ya daka tsawa: "Kai Habu, tuwo ne?" Ranar da na ce na gama, ya ce, "Kai ka gama, shi bai gama da kai ba. Koma farko."

Amma fa namu shi kaɗai yake ɗauka ya yi gaba. Da muka yi ƙorafi wajen taro a Kafinsoli, ko kunya babu ya ce, "Naku sun saba yawo. Nawa 'yan gida ne."

Da ƙungiya ta kawo masu ɗaukar hoton littattafai don adanawa, sai da ya sa su alwala tukuna. Aka nuna mashi shafi tas a waya. Ya duba, ya shinshina, ya miƙa masu abarsu: "Rubutun ya fito. Ƙamshin fa?"

Kai, Malam Ilu!

Da ciwo ya kwantar da shi, wata malamar Islamiyya daga Bauranya ta aiko tana neman littafin waƙoƙin ajami na kakan nasa, za ta koya wa ɗalibanta. Na je gaishe shi na tarar yana ta kokawar tashi, ƙafa ta ƙi.

Na ce, "Kwanta, Malam, ni zan raka shi."

Ya harare ni. "Kai? Mai lasar yatsa? Gwamma ya tafi shi kaɗai."

Muka yi dariya. Sai ya rungume gafakar, ya daɗe, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Habu, ashe yara za su rera su. Ka ce mata kada ta maido. In ta gama, ta miƙa wa na gaba."

Wallahi har yau ina kewar mutumin nan. Ya Allah, duk baitin da yaran nan suka rera, Ka kai ladan kabarin Malam Ilu, Ka yalwata mashi makwanci. Amin.