Dawar da Ke Saman Firji

Wallahi abin da zan faɗa muku ni ya faru da ni, ba ji na yi ba. Shekara tara ke nan, muna zaune a unguwar Shisha a Makka, ina jan taksi tsakanin unguwarmu da unguwar Jarwal. Ni a Kano aka haife ni, 'yata Hanan kuwa haihuwar Makka ce, Hausarta rabi Larabci.

Tana da wata farar tattabara, Lulu, ta ɗaura mata koren zare a ƙafa, ƙulli uku. A kafaɗarta take cin abinci, kai har magana take mata kamar mutum.

To, aka yi hutun makaranta na sanyi, uwarta za ta kai ta Madina wurin kakarta. Lokacin ɓeraye sun dame mu, ashe uwar ta sayo maganinsu, irin ƙwayar nan ja, ta juye a gwangwanin madara, ban sani ba. Suna fita ina ɗaure jaka, Hanan ta nuna saman firji ta ce, "Baba, dawa ce a gwangwanin can, ka kula da Lulu."

Na ce, "Na ji, Hajiya, ki tafi kar mota ta bar ku."

Jama'a, a bakin Balarabe dawa magani ne. Na fi shekara ashirin a garin nan, na sani sarai, amma ranar kunnen Kano ne ya ji. Washegari da hantsi abincin Lulu ya ƙare, na buɗe gwangwani na ga ƙwaya ja, na ce lallai kaura ce, na watsa mata na fita aiki. Da na dawo azahar tana kwance a gefen kwano. Innalillahi.

Na naɗe ta a tsumma na binne a fili bayan gida, da zaren a ƙafarta, da idona na gan shi. Na shirya ƙarya, zan ce taga na bari a buɗe.

Ban kai ga wanke hannu ba waya ta yi ƙara. Hanan ce, tana dariya.

"Baba, ka bar taga a buɗe ko? Ga Lulu nan a tagar Kaka!"

Na ce, "Ke, tattabarun Madina yawa gare su."

Ta ce, "Ni ban san Lulu ba? Ta hau kafaɗata, na ba ta shinkafa ta ƙi ci, ruwa kawai take ta sha. Na kwance zaren zan gyara sai ta tashi."

Makka zuwa Madina awa huɗu ne a mota mai gudu.

Da suka dawo zaren na hannunta, kore, da alamar ƙulli uku. Na je bayan gida na tsaya kan wurin da shebur, wallahi na kasa tonawa.

Yanzu Hanan ta yi aure, har yau duk hutun sanyi sai ta ajiye ruwa a taga, wai Lulu ta san hanya. Ni kuma ban taɓa gaya mata ba, uwarta ce kaɗai ta ga gwangwanin ya ragu, ta kalle ni ta ɗauke shi daga saman firjin.

Ku masu dabba a gida, kar ku juye guba a mazubin abinci. In yaro ya ba ku amana, ku ajiye jakar ku tambaye shi me yake nufi. Ni ban tambaya ba.