Bindigar Aljihun Mota

Lokacin korona ina tuƙa ƙaramar bas ta ma'aikata, daga Ain Khaled zuwa Wakra a ƙasar Qatar. Aka ce kowane direba sai ya auna zafin jikin fasinja kafin ya shiga. Na'urar da ake ɗorawa a goshi kuwa, mu Hausawan wurin ba mu wahalar da kanmu neman suna ba, bindiga muke ce mata.

Ni da wani abokin aikina ɗan zangon Kumasi muka je wani kantin magani a Muntaza. Ni mutum ne mai tsirfa, sai da na taɓa kowace. Wata ta cika girma, wata sai ta yi dogon tunani kafin ta faɗi zafin. Shi kuwa ya ƙosa.

"Yalla, ɗauki ƙaramin nan mu tafi. Mata kake zaɓe?"

Na ɗauki wata fara, daidai tafin hannu. Da murnata na tura wa matata saƙon murya a Funtua, na ce na samu bindigar, 'yar ƙarama ce, ta shige aljihun mota daram. Ashe Inna, mahaifiyata, tana zaune kusa da ita.

Mahaifina direban babbar mota ne. Da hanya ta lalace ya sayi ƙaramar bindiga ya ɓoye ƙarƙashin kujera. Ranar da ɓarayi suka tare su a hanya, sun saki kowa, ban da shi da suka ga abin a motarsa. Bai dawo gida ba. Da zan taho Doha abu ɗaya Inna ta sa na rantse a kai, kuma ba sai na faɗa ba.

Ta daina ɗaukar wayata. Matata ta yi bayani, na tura hoto, Inna ta ce hoto ai kowa ya iya ɗauka. Daga baya ta sauko, amma gaisuwar ta bushe, albarkar da take rufe waya da ita ta ɓace. Sai dai ta ce, "Abin nan yana motar?" In ce yana nan. Wannan ya dame ni fiye da kullen koronar kansa.

Da gasar kofin duniya ta zo aka sassauta shigowar baƙi, na kawo ta. Ƙwallo bai sha mata kai ba. Muna fita daga filin jirgi, ko ɗamarar kujera ba ta ɗaura ba, ta ce, "Ina take?"

Na buɗe aljihun mota na miƙa mata. Ta juya ta, ta leƙa bakinta, ta auna nauyinta a hannu kamar mai sayen doya. Na nuna mata inda ake dannawa. Ta ɗora mini a goshi, ta danna, abin ya yi ƙit, ya nuna kore.

"Me ta ce?"

"Ta ce lafiyata ƙalau, Inna."

Ta sake dannawa don ta tabbatar. Sannan ta yi dariya har da share ido da bakin mayafi, ta tura bindigar cikin jakarta ba tare da ta tambaye ni ba.

"Allah ya yi maka albarka," in ji ta. "Ina ma irin wannan babanka ya saya."