Sunana A Allo, Ni A Waje

Ajin Turancin nan nawa ne, aka ɗauka aka ba wata. Haka na faɗa a lokacin, haka nake faɗa muku yau.

Ina da 'ya'ya shida na shiga yaƙi da jahilci, na yi ta fama har na zama mai taimaka wa malami a makarantar matan aure a Ƙaura Namoda. Da Shari'a ta zo, aka janye malamai maza daga azuzuwan mata. Malaminmu na Turanci ya tafi, ni kuwa har na ɗinka sabon hijabi na tsayuwa gaban aji. Sai ga Hajara daga Shinkafi, sa'ar 'yata ta biyu. Ita aka ba alli. Ni kuwa aka ba ni tabarma a gindin dogonyaro, in riƙe jariran ɗalibai har a tashi.

Ranar da ta tsaya min a rai ita ce ranar da mai duba makarantu ta zo daga Gusau. Ina goye da ɗaya, ina jijjiga ɗaya, kunnena na taga. Hajara na koyar da "look after". Ta ce "look" shi kaɗai dubawa ne, in ya haɗu da "after" sai ya zama kulawa: reno, jinya, kiwo, tsaron shago. Wallahi ta iya, kuma iyawar ce ta fi ƙona min rai.

Mata suka shiga kawo misali, mai awaki, mai suruka a kwance. Sai Asabe, wadda ni na koya mata riƙon fensir, ta nuno taga ta ce, "Inna Kulu looks after our babies."

Hajara ta rubuta a allo, aji ya ɗauka baki ɗaya. Baƙuwar ta leƙo tana murmushi. "Sannu, Inna. Ke ce mai renon?"

Ana tashi na tare shugabar makaranta.

"Hajiya, da mi yarinyag ga ta fi ni?"

"Da takardar malanta, Kulu. Kuma kin ji darasin da kunnenki."

"Na ji. Sunana ya hau allo, ni ina waje ana yi min tumbuɗi a kafaɗa."

"Ki yi haƙuri."

"Tun ina amarya anka fara ba ni shi, ya ishe ni."

Ku da kuka fara aiki yanzu, ku riƙe wannan: abin da aka saba ganinki kina yi, da shi za a kira ki, ba wanda zai tambayi abin da ke kanki.

Washegari ban biya ta makaranta ba. Na wuce tasha, na zauna a kujerar mata a motar Gusau, na je na sa sunana a kwas ɗin malamai na hutu.